Takunkumin da Aka Jiƙa

Marin ya riga maganar isowa.

Auta ta faɗo daga kujerar keken ɗinki, gwangwanin allurai ya biyo ta ya watse a ƙasa. Kunnenta ya ɗauki ƙara. Kafin ta ɗago, an jefo mata wani abu a cinya.

Takunkumi ne. Shuɗi. Rabinsa ya rine da jini.

"Wa kika ɗinka wa wannan?"

Yaya ne tsaye a kanta. Yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun da ta yi wayo bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Ƙurar dutse ta mayar da gashin kansa fari fat, idanunsa kuwa jawur.

"Yaya... jinin wane ne?"

"Ni nake tambaya!"

"Don girman Allah, jinin wa..."

"Na Baba!"

Ya faɗa mata a gutsure, yana haki. Da hantsi ne, a wurin yankan dutse inda shi da Baba suke aiki. Injuna uku suna ci a lokaci guda, ƙura ta turnuƙe, mutum ba ya gane na kusa da shi. A nan wani ya bi Baba bayan rumfa ya sauke masa ƙarfe a ka. Da aka tsince shi, hannunsa a damƙe yake. Sai da mutum biyu suka ɓanɓare yatsunsa, suka zaro wannan.

"Daga fuskar wanda ya doke shi ya fizgo. Yanzu yana asibiti, Umma na kansa. Ko motsi ba ya yi. Auta, wa kika ɗinka wa?"

Ba ta buƙatar juya shi. Ta san ɗinkin hannunta. Layi biyu na jan zare a bakin kalmasa. Ba roba ta kunne, sai igiya doguwa da ake ɗaurawa a ƙeya, domin mai shi yana da tsohuwar ƙuna a kunnen hagu, roba tana cinsa.

Mutum ɗaya ta taɓa yi wa irin wannan a duniya.

*

Ƙirjin Baba ne ya sa ta fara wannan sana'a. Shekara ashirin da shida yana yankan dutse da tsumma a hanci, har huhunsa ya koma kamar tsohon buhu. Yanzu ba ya iya riƙe inji, sai tiyo, yana fesa wa zarto ruwa. In ya yi tari da safe, kwanukan da ke kan kanta har amsawa suke.

Auta ta zauna ta karanci takunkumi kamar mai shirin jarrabawa. Shuɗin nan na takarda, irin na asibiti, wanda ake raba wa ma'aikata, gefensa a hangame yake, ƙura tana shiga tana fita abinta. Farin nan mai tauri kamar ƙoƙo shi ne na gaske, amma sai an yi wata ba a kawo musu ba. Akwai na roba mai gwangwani biyu, wannan na masu feshin fenti ne. Nata kuwa na tsakiya ne, na ranar da babu: yadi ninki uku, aljihu a ciki da take zura takardar tace ƙura, sai 'yar wayar tagulla a kan hanci da mutum zai matse ta zauna.

Kuma ba ta ɗinka wa kowa da ka. Sai ta auna fuska da zare, daga karan hanci zuwa haɓa, daga kunne zuwa kunne, ta yanka siffar a kwali, ta rataye a ƙusa. Bangon ɗakinta cike yake da fuskokin maza na kwali.

Haka Mai Fenti ya zo, wata rana da la'asar, daga garejin da ke bayan layinsu. Ya yi sallama, ya zauna, ya yi shiru. Ta kawo zare kusa da fuskarsa, ya zuba mata ido.

"Malam, rufe idonka. Kana sa hannuna rawa."

Ya rufe.

"Kuma ka ji da kyau. Nawa na ƙurar goge mota ne kawai. In za ka fesa fenti, na robar nan za ka saka. In na ji ka fesa da nawa, na daina yi maka."

"To, Tela."

"Kuma ba a jiƙa shi."

"To, Tela."

"Ba ka da wata magana sai to?"

"Ina da ita. Sai na dawo."

Ya dawo. Ya kawo mata wayar tagulla da ya zare daga tsofaffin motoci, ya fere ta tas, ya lanƙwashe bakinta don kada ta soki kowa. Duk mako yana kawo takunkumansa huɗu ta wanke ta canza takarda. Daga Tela ta koma Telata. Ita kuma ta rasa sunan da za ta sa masa, sai ta riƙa ce masa nawa.

Shekaranjiya ya je wurin Baba neman izini. Kuskurensa, a wurin aiki ya same shi, a gaban mutane.

Baba ya kalli fentin da ke faratansa, ya ce, "Yaro, ni ƙirji ya binne ni ina raye. Ba zan ɗauki 'yata in kai wa wani ƙirjin ba. Uwarta ta yi jinyar tari shekara goma, ita ma ta gada? Fita. Kada in ƙara ganin ƙafarka a layina."

Aka yi dariya. Mai Fenti ya juya zai fita. Amma a bakin ƙofa ya naushi ƙyauren ƙarfe har ya lotsa, ya bar jininsa a jiki.

Wannan naushin ne ya dawo wa Auta yanzu, tana zaune a ƙasa cikin allurai.

*

"Za ki faɗa ko sai na karya ki?"

Yaya ya murɗe mata hannu ta baya. Ta yi ƙara.

"Haba aboki, sassauta mata. Mace ce."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Guduma ne, abokin Yaya tun suna yara, inji ɗaya suke riƙewa. Shi ma ya taɓa neman Auta, ta ce masa kallon yaya take yi masa, tun daga ranar yake ce mata ƙanwata da wata irin murya da ba ta so. Yana jingine da bango, takunkumin aiki har yanzu a fuskarsa, idanunsa kawai ake gani.

"Ai ba sai ta faɗa ba," in ji shi. "Ni na hangi mai shuɗin takunkumi yana haura katanga. Ƙanwata, ki taimaki kanki. Mutumin da ya lotsa ƙarfe da hannu, kan tsoho me ne a wurinsa?"

"Daga bakinta nake son ji!" Yaya ya ƙara murɗawa. "Ubanki na can kwance kamar gawa! Wa?"

Ta ga ƙyauren da ya lotsa. Ta ga shirun nan nasa da ba ta taɓa ganin ƙarshensa ba. Ta ga yatsun Baba a damƙe.

"Mai Fenti..." ta ce. "Shi na ɗinka wa."

Yaya ya sake ta.

Ta ji an ja ƙofa, ta ji an danna kwaɗo ta waje. Ta ji muryar Guduma a tsakar gida yana cewa a kira sauran. Sai shiru.

Kuka ya ƙi zuwa. Takunkumin yana cinyarta, ta ɗauke shi ba don komai ba, sai don hannu ya saba. Duk wanda aka dawo mata da shi, abu na farko da take yi shi ne ta zura yatsa a aljihu ta zaro tsohuwar takarda.

Ta zura.

Yatsanta ya nutse cikin wani abu mai laushi.

Ta zaro. Babu takarda. Ta narke ta dunƙule, ta koma kamar ƙullu.

Auta ta gyara zama. Ta duba gefen da jini bai taɓa ba. Yadin ya yi tauri, ƙurar dutse ta kama shi ta daskare kamar siminti. Ƙura ba ta yin haka a busasshen yadi. A busasshe, kaɗewa ake yi ta tashi.

An jiƙa shi.

An tsoma shi a ruwa kafin a ɗaura.

Sau nawa ta yi faɗa a kan wannan? Duk mutanen wurin yankan dutse haka suke yi. Akwai duro a bakin rumfa, kowa ya zo sai ya tsoma takunkuminsa ya matse sannan ya ɗaura, wai ya fi sanyi, wai ruwa na kama ƙura. Ta gaya musu har ta gaji cewa takardar ciki mutuwa take yi. Su yi dariya su ce to Malama, gobe su sake. Hannunsu ne ke yi, ba tunaninsu ba. Ko Yaya haka yake.

Mai Fenti kuwa a leda yake ajiye nasa. Ranar da ruwan sama ya kama shi a hanya, cikin rigarsa ya cusa, ya iso jiƙe sharkaf yana nuna mata ledar kamar ya ci kyauta.

Ta miƙe ta leƙa taga. Igiyar shanya tana nan a tsakar gida. Huɗu ya kawo kafin Baba ya kore shi, huɗu ta wanke jiya tana kuka, ta zura musu sabuwar takarda da suka bushe, ta bar su a rataye don ba ta san ta inda za ta kai masa ba.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Sai maƙalin shanya guda, yana lilo shi kaɗai.

Jiya da yamma, a ƙarƙashin igiyar nan, wa ya zauna? Yaya da Guduma. Kuma a gabansu Baba ya kalle ta, ganin kwana biyu ba ta ci komai ba, ya ce, "Ke dai kin ɗauko taurin kan uwarki. Gobe in mun tashi aiki a kira min yaron nan mai fenti, in sake kallonsa."

"Wayyo Allah..." ta ce. "Wayyo, nawa!"

Ta jijjiga ƙofa. Ta kira maƙwabta, babu wanda ya amsa. Ta ɗauki dutsen guga ta rufe ido ta maka wa taga. Gilashi ya tarwatse. Ta sake makawa, katakon tsakiya ya karye. Ta cusa kanta ta fita, wani tsinin gilashi ya tsarge mata dantse tun daga gwiwar hannu. Ba ta ji ba.

Ba takalmi. Ƙaramin almakashinta yana reto a igiyar wuyanta, takunkumin a damƙe a hannunta kamar yadda Baba ya damƙe shi.

*

Tun daga bakin layi ta jiyo ƙarar duka.

An turo ƙyauren garejin rabi. A ciki, mai garejin, dattijo mai furfura, yana zaune a ƙasa leɓensa a fashe, wani ya tokare shi da ƙafa. Maza biyar daga wurin yankan dutse, kowa da takunkuminsa. Yaya ne kawai fuskarsa a buɗe, sifanar taya a hannunsa.

Mai Fenti yana kwance gefen wata mota da aka goge ba a fesa ba.

Da ba don rigarsa ba, da ba ta gane shi ba. Hancinsa ya kwanta gefe. Bakinsa ya tsage har kumatu. Ido ɗaya ya rufe ruf.

"Ka ce kai ne!" Yaya ya sauke masa sifana a haƙarƙari.

Wani sauti ya fita daga ƙirjinsa, amma ba magana ba ce.

"Ɓata lokaci kake, aboki," in ji Guduma. Ya ɗauko galan ɗin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, wanda ko tartsatsi ya gani sai ya kama. Ya buɗe ya tuttule masa tun daga kai har ƙafa. Warin ya cika garejin. Ya zaro laita daga aljihu.

Biyu daga cikin mazan suka ja baya.

"Kai, Guduma, ba mu yi haka da kai ba..."

"Ubanku ne a kwance?" in ji Guduma.

Auta ta ratsa tsakaninsu ta faɗa kan Mai Fenti. Ta rungume shi. Tina ta jiƙe mata gaban riga, ta shiga yankan dantsenta kamar wuta.

"Kunna!" ta ce. "Kunna mana, mu tafi tare!"

"Auta! Tashi daga nan!" Yaya ya daka mata tsawa.

"Ba zan tashi ba!"

"Wallahi zan haɗa da ke!"

"Haɗa! Amma ka taɓa wannan tukuna!" Ta jefa masa takunkumin a ƙirji. "Zura yatsanka a aljihun. Zura, Yaya!"

"Kada ka saurare ta," in ji Guduma. "So ne ya rufe mata ido."

Yaya ya kalle ta. Ya kalli jinin da ke bin hannunta yana ɗiga. Ya zura yatsa. Ya zaro da ƙullun takarda a kai.

"Me ke nan?"

"Kai za ka gaya min. Sau nawa ka kawo min naka a haka na yi maka faɗa?"

Ya kalli ƙullun da ke yatsansa.

"An jiƙa shi, Yaya. An tsoma shi a duro. Su wa ke tsoma takunkumi a duro?"

Can ƙurya injin iska yana ta huci shi kaɗai.

Mai garejin ya tofar da jini ya ce, "Na gaya muku tun safe yana nan yana goge motar nan, kuka ce rufa masa asiri nake. Yaron da ko gumi ya taɓa takunkuminsa sai ya canza wani."

"A kan igiyarmu aka ɗauka," in ji Auta. "Huɗu na shanya, uku suka rage. Shi rabonsa da gidanmu tun kafin Baba ya kore shi. Wa ya shiga gidanmu jiya, Yaya? Wa ya ji Baba ya ce a kira shi?"

Yaya ya juya a hankali. Ya bi mazan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Baba da ƙarfi ya fizge shi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Igiyar ma ta tsinke. Faratansa duk fata ce..." Ya ɗaga murya. "Kowa ya cire takunkumi."

Na farko ya cire. Na biyu. Na uku, na huɗu. Fuskoki masu zagayen ƙura, babu ko ƙwarzane.

Guduma bai cire ba.

"Aboki, warin tinar nan..."

"Tun daga asibiti ba ka cire ba. A gidanmu ma ba ka cire ba."

"Mura nake yi."

"Cire."

"Ni kake zargi? Ni da muka tashi..."

Yaya ya kai hannu ya fizge.

Layi huɗu, ja, tun daga gindin kunne har gefen baki. Ɗaya daga ciki har yanzu yana tsatsar jini.

"Ba kashe shi na yi niyya ba!" Guduma ya ja baya. "Taɓa shi kawai zan yi, a ga shuɗin a ce wancan ne! Shi ya juyo ya kama ni! Shekara nawa ina bin gidanku, a ɗauke ta a ba mai warin fenti?"

Sai ya ga babu hanyar fita, sai ta kan Mai Fenti da ke kwance cikin tina. Ya ɗaga laitar, babban yatsansa a kai.

Auta ba ta yi tunani ba. Ta fizgi igiyar wuyanta ta miƙe ta caka masa almakashi a bayan hannu, ya shige har ya tokari ƙashi. Ya kurma ihu. Laitar ta faɗi, mai garejin ya rarrafo ya hankaɗa ta ƙarƙashin mota.

Yaya ya yi kansa. Sifana ta sauka sau ɗaya, sau biyu. Guduma ya dunƙule yana kiran uwarsa.

"Ya isa!" Auta ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. "Yaya, ya isa! Yau ka kusa kashe mutum ɗaya. Bai ishe ka ba?"

Ya tsaya. Ya kalli ƙarfen kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba. Ya sake shi ya faɗi. Ya durƙusa a cikin tinar ya rufe fuska.

Mazan suka ɗaure Guduma da tiyon iska, aka tafi kiran hukuma.

Auta ta koma ta ɗora kan Mai Fenti a cinyarta. Tana share masa jini da gefen mayafi, wani yana fitowa.

"Nawa... buɗe ido. Ni ce. Telarka ce."

Idon da ya rage ya buɗe. Ya daɗe a kanta. Leɓensa ya motsa, ta sunkuya.

"Sun ce... ke kika faɗi sunana."

"Ni ce."

"Kin yarda... ni ne?"

Za ta iya cewa hannunta aka murɗe. Gaskiya ne, an murɗe. Amma ba shi ke nan ba, kuma ta sani.

"Na yarda," ta ce. "Na ɗan lokaci... na yarda."

Ya juyar da kansa daga cinyarta, ya ɗora a kan siminti.

*

Baba ya farfaɗo a rana ta huɗu. Kalmar farko da ya faɗa sunan Guduma ne. Babu wanda yake buƙatar ji a lokacin.

Mai Fenti ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Auta ta je sau uku, sau ukun mahaifiyarsa ta tare ƙofa.

"'Yar nan, koma. Ɗa ɗaya gare ni. Ubanki ya kore shi, yayanki ya farfasa shi, ke kika nuna shi. Me kuma ya rage da kike so ki ɗauka?"

Auta ta koma.

Yaya ya kai kansa wurin hukuma, mai garejin da Mai Fenti suka ce ba su da ƙara a kansa. Wannan ya fi masa ɗauri zafi. Kullum in ya tashi daga yankan dutse sai ya wuce gareji, ya ɗauki samfefa ya hau goge motocin da Mai Fenti ya bari, har hasken rana ya ƙare. Ba wanda ya sa shi. Ba ya magana da kowa. A gida ba ya iya haɗa ido da ita.

Ita kuwa ta rufe keken da zane. Masu son takunkumi suka yi ta zuwa suna komawa. Kwalin fuskarsa yana nan a ƙusarsa, ta kasa cirewa, ta kasa kallo.

Mako bakwai.

Wata la'asar, tana zaune tana kallon bango, ta ji sallama. Muryar ta canza, tana fita ta hanci, amma ta gane ta.

Baba yana kan tabarma a tsakar gida da ɗaurin kai. Shi ya amsa.

"Shigo, yaro. Layin naka ne."

Ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe da Baba. Sannan ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

Hancin ya warke a karkace. Tabo ya taso daga gefen baki ya haura kumatu, ɗinkin likita, manya-manya, ba irin nata ba. Idon hagu ya ɗan sauka.

Ta miƙe.

Ya zaro leda daga cikin riga. Ya fito da shuɗin takunkumi, ɗaya daga cikin ukun nan, Yaya ne ya kai masa. Ya ajiye a kan keken.

"Ba ya zama," ya ce. "Iska na shiga ta gefe."

Ta ɗauki takunkumin tana juya shi.

"Na gwada na kanti. Roba na cin kunnena."

"Nawa, ni..."

"Ban manta ba, Tela."

"Ban ce ka manta ba."

"Kullum in na kwanta sai na ji kina cewa na yarda." Ya kalli dantsenta, inda gilashi ya bar dogon layi. "Sai kuma in ji kina cewa kunna. Na yi ta aunawa, mako bakwai. Na gaji."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Ga ni a tsaye."

Kukan da ya ƙi zuwa tun ranar ya zo gaba ɗaya. Ta toshe baki da mayafi. Bai rarrashe ta ba, ba halinsa ba ne. Ya jawo kujerar masu awo ya zauna, ya jira.

"Mahaifiyarka fa?"

"Ta ce in na zo kada in koma mata. Da na fito kuma ta biyo ni da wannan." Ya ajiye ɗan ƙunshin wayar tagulla. "Ta ce na manta."

Daga tsakar gida Baba ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa ya ce, "Kai, mai fenti!"

"Na'am, Baba."

"Na robar nan mai gwangwani biyu. Kana sakawa?"

"Kullum, Baba."

"Ranar da na ji ka fesa babu shi, zan zo da kaina in ɗauke 'yata. Ka gaya wa manyanka su zo. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Ke kuma ki daina jiƙa mana gida, ki yi wa mutum aiki."

Auta ta share fuska. Ta miƙa hannu ta zare kwalinsa daga ƙusa. Ta kalle shi, fuskar da babu ita kuma. Ta sa almakashi ta raba shi biyu ta jefa a kwando. Ta yaye zanen da ke kan keken. Ta ɗauko sabon kwali, ta warware zare.

Ta ɗora bakin zaren a karan hancinsa, daidai inda ya karye. Zaren yana karkarwa.

"Rufe idonka," ta ce. "Kana sa hannuna rawa."

"A'a," ya ce. "Auna a haka, Telata. Ya yi rawar."